Kwanon Ƙanƙarar da Anka Kai Barmu

"Inna ta ce a'a."

Safi ba ta juyo ba. Tana durƙushe gaban firigo, akwatin sanyi mai aiki da kananzir, kumatunta kusa da ƙasa, tana leƙen wutar da ke ci ƙarƙashinsa. Wutar ta yi ja, tana hayaƙi.

"Safi... kin jiya?"

"Na jiya. Miƙo min almakashi, ga shi nan bisa taga."

Attahiru ya miƙo mata daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Ta jawo tankin kananzir, ta hure wutar, ta datse bakin lagwani, ta sake kunnawa. Sai da harshen wutar ya koma shuɗi sannan ta tura tankin wurinsa. Ta miƙe ta juyo.

"To mi na yi mata?"

"Ba ki yi mata komi ba."

"Faɗa min dai. Ni ba yarinya ba ce."

Ya sosa ƙeya.

"An gaya mata kina ba ni wani abu ina sha. Wai yana hayaƙi ba wuta. Wai cikin akwatin nasara kike haɗa shi, kuma tun ranar da na sha ban ƙara ganin kowa da ido ba."

"Wa ya gaya mata?"

Ya kawar da kai.

"Hadiza!"

"Ni ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba!"

Firigon nan gadon ubanta ne. Manzo ya yi shekara goma sha tara yana kuku gidan wani nasara da ke aiki ofishin kumandan a Tawa. Da anka samu 'yancin kai nasaran ya haɗa kayansa, firigo ya yi masa nauyi, ya bar wa Manzo. Shekara guda bayan nan Manzo ya rasu. Ita Safi ta taɓa aure, mijin bai cika shekara ba sanƙarau ya ɗauke shi, ta dawo gida ba ɗa ba ciki. Yanzu gidan su biyu ne, ita da gwaggonta Kaltumi, tsohuwar da kunnenta ya mutu, sai ka sa baki cikinsa ka yi ihu kafin ta ji rabin magana. Yini guda yakan wuce Safi ba ta yi zance da kowa ba. Matan unguwa suna zuwa roƙon ruwan sanyi in yaro ya yi zazzaɓi, amma daga tsaye suke karɓa su fita. Ɗiyar kuku suke ce mata. Ba su yarda da akwatin da ake hura wa wuta ya haifi sanyi ba.

Attahiru mutumin Barmu ne, can arewa da Tawa. Raguna yake korowa kasuwar Lahadi. Bazarar bara ya tsaya ƙofar gidan neman ruwa, ta ba shi na firigo, ya kurɓa ya saki moɗar ƙasa yana cewa ta ƙona masa haƙori. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Tun daga ranar, duk Lahadi yana nan.

Ita kuwa Hadiza ɗiyar ƙanin babansa ce. Uwarsa, Inna Kadidiya, ita ta rene ta, kuma duk Barmu an ɗauka shi za ta aura. Shi kaɗai ne bai ɗauka haka ba.

"Safina," ya ce, ya sassauta murya, "Inna ba muguwa ba ce. Ba ta taɓa ganin abin ba ne. Ita ƙanƙarar da ta sani ita ce wadda ke faɗowa daga sama ta kashe gero."

"To in yi yaya?"

"Zafin bana ya kayar da ita. Kwana goma ke nan, fura kaɗan take kurɓa ta ture. In ta sha lemon nan naki da bakinta, ta ji lemo ne da mangwaro, magana ta ƙare."

"Ba ya tahiya, ɗan Barmu. Abin ba ya jira. Ana dakawa ana sha."

"Kamyo, babbar motar kaya, na tashi da sassahe ranar kasuwarmu. Kahin hantsi ya ɗaga muna can. Ki zo da Gwaggo, a ce dubiya kunka zo."

Ta dube shi ta daɗe.

"In ta ƙi fa?"

"Ba ta ƙi. Wallahi wanda ya sha abin nan bai ƙin mai shi."

"Kai dai ka ji da bakinka!"

Kwana biyu ta yi tana shiri. Ta je tasha da kanta ta zaɓi mangwaro cikin wanda kamyo ya kawo daga kudu, tana latsa kowanne tana sunsunawa, wanda ke da zare da yawa ta mayar. Ta fere, ta yanka ƙanana, ta jera a faranti ta sa can sama inda ƙanƙara ke kamawa. Firigon kananzir ba ya gaggawa. Cikin zafin Afrilu sai ya yini ya kwana kafin ya ba ka ƙanƙara cikin tire biyu, kuma in ka yawaita buɗe shi ka koma farko. Ta ɗaure ƙofarsa da igiya don kada Gwaggo ta manta ta buɗe.

Ranar tafiya tana idar da sallar asuba ta fito da ɗan turminta. Turmin nan bai taɓa ganin barkono ko daddawa ba, Manzo ya sassaƙo shi don wannan aiki kaɗai. Ta matse lemun tsami goma sha biyu, ta tsame 'ya'yan ɗaya ɗaya, don ƙwaya guda in ta shiga turmi ta ɗaure baki da ɗaci. Ta fasa kan sukari ta narka cikin ruwan lemon. Ta zuba mangwaron da ya daskare kamar dutse cikin turmi, ta bi shi da ƙanƙara, ta hau daka da sauri, tana zuba ruwan lemon kaɗan kaɗan. Gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Na'ana'a ganye huɗu.

Abin ya haɗu ya yi laushi, rawaya, tururin sanyi na tashi bisansa.

Ta ɗanɗana. Ta rufe ido.

Ta kwashe cikin farin kwanon uwarta mai murfi, ta jera sauran ƙanƙarar kewaye da shi cikin babbar ƙwarya, ta cika da ƙaiƙayin gero, ta naɗe duka da bargo biyu.

Da Attahiru ya zo ɗauka ya tsaya yana kallo.

"Sanyi yake ji ne kinka lulluɓe shi haka?"

"Ɗauka dai, kuma kada ka jijjiga min."

"To, madam."

"Ka sake ce min madam, in zuba maka ƙanƙara cikin riga."

Bayan kamyo ta zauna bisa buhun gishiri, ƙwaryar a cinyarta, ta baje mayafinta ta tare mata rana. Hanyar Barmu duwatsu ne da rairayi. Sau biyu motar ta kafe maza sunka sauka turi. Duk tsayawa sai ta cusa yatsa cikin bargo ta taɓa. Da sunka isa, ƙanƙarar waje ta fara jiƙa ƙaiƙayin, amma ta ɗaga murfi kaɗan ta leƙa, na ciki yana nan tsaye.

"Alhamdu lillahi... maza mu shiga."

A nan ne abin ya lalace, kuma kowa na gidan ya sa hannu ciki ba tare da ya sani ba, in ban da mutum ɗaya.

Attahiru bai iya shiga gaban uwarsa da matar da yake nema ba. Ya tsaya waje gindin aduwa. Safi da Gwaggo sunka shiga, anka shimfiɗa musu tabarma. Inna Kadidiya na kishingiɗe ƙarƙashin rumfa, doguwar tsohuwa, ta rame, leɓenta sun bushe. Safi ta durƙusa nesa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gaisuwa ta yi tsawo. Ina gajiya, ina zafi, ina mutanen Tawa. Gwaggo na amsa abin da ba a tambaye ta ba.

Safi na jin kowace gaisuwa kamar ana ɗiga mata ruwan kwanon nan a ƙasa.

Ta tura ƙwaryar gaba kaɗan.

"Ga ɗan abin dubiya, Inna."

"An gode. Hadiza, ɗauke."

Wata kyakkyawar budurwa mai wushirya ta fito daga ɗaki ta sunkuya za ta ɗauka. Safi ta riƙe mata hannu, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Don Allah 'yar'uwa, a ba ta yanzu yanzu. Ƙanƙara ce, ba ta jira."

"Na sani," Hadiza ta ce tana murmushi. "Ai na yi wata biyu Tawa ina jinya gidan likita. Na ga irinta."

Ta shige ɗaki da ƙwaryar.

Kowa ya san tsohuwa ba ta ci ba ta sha gaban wadda ake cewa za ta zama surukarta, kuma ba a buɗe kyauta mai ita na zaune. Safi ma ta sani. Abin da ta yi zato shi ne za a kira Inna ɗaki ta sha a ɓoye. Ta zauna tana satar kallon ƙofar. Ba a kira kowa ba. Hadiza ta fito ta hau dakan fura tana 'yar waƙarta.

Bakin Safi ya buɗe sau uku, sau uku yana rufewa. Yaya za ta dubi uwar namiji ranar farko ta ce mata tashi ki sha?

Hantsi ya wuce. Azahar ta yi. Anka kawo musu fura sunka taɓa. Direba ya fara busa oda a bakin kasuwa.

A hanyar tasha Attahiru ya matso.

"Ta sha?"

"Ban gani ba."

"Za ta sha. Kwantar da hankalinki, hasken idona."

Ta hau mota, cinyarta ba komi.

Ranar Lahadi Attahiru ya zo ba raguna. Bai zauna kan tabarmar da ta shimfiɗa ba.

"Sai bayan la'asar anka buɗe," ya ce. "Hadiza ta ce a bari baƙi su yi nisa. Ta kira mata uku na maƙwabta su zo su ga abin da 'yar birni ta kawo."

"Sunka ga mi?"

"Ruwa. Rabin kwano, ɗumi, ya tsinke, dusar mangwaro na yawo sama. Ya yi tsami yana kumfa. Wata ta ce ruwan wankin kwano ne. Wata ta ce a'a, irin wanga jiƙo ake ba mutum don a rufe masa baki. Inna ta sa anka zubar bayan gari, anka rufe da ƙasa."

Safi ta dafa bango.

"Ta ce in na ƙara taka ƙofar gidan ga, ba ta yahe min nononta ba."

"Kai ba ka yi magana ba?"

"Na yi! Na ce ƙanƙara ce ta narke. Sunka ce ina ƙanƙarar take?"

"Ranar nake nuhi! Kana zaune gindin itace kamar baƙo, ka san abin ba ya jira, ba ka iya leƙowa ka ce Inna sha?"

"Ke da kike gabanta mi ya hana ki?"

"Ni uwata ce?"

"To ni in shiga tsakanin mata ina nuna wa uwata budurwata? Ki yi hankali mana!"

"Ni ce mara hankali? Kwana biyu ina gadin wuta kamar mai jego! Na ce maka ba ya tahiya, ka ce yana yi!"

Duk su biyun masu taurin kai ne, ba wanda ya sauko. Gwaggo na zaune tsakar gida tana tsince wake, tana kallon bakinsu tana murmushi, ta ɗauka hira ce.

"Ka tahi ka auri Hadiza," Safi ta ce. "Ita ta iya jira. Ka ga ai ta iya."

"Haka kinka ce?"

"Haka na ce."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai yi sallama ba.

Lahadi ta zagayo bai zo ba. Ta gaba ma haka.

Ta yi wa kanta alkawari ba za ta tambaya ba. Ranar Lahadi ta uku sai ga ta a tasha, wai mangwaro ta zo saye. Ta tsaya kusa da direban kamyon Barmu tana juya mangwaro guda a hannu har ya gane.

"In mai raguna kike nema, ba ya ƙasar. Ni na sauke shi Ƙonni kwana goma sha biyu da sunka wuce. Ya ce Kumasi za shi."

"Ni na tambaye ka?"

"A'a, ni dai na faɗa."

Ta dawo gida ta ajiye mangwaron, ta zauna ƙasa ta jingina bayanta da firigo. Ba ta yi kuka ba sai da Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yau ɗan Barmu bai zo ba? Ko ba Lahadi ba ce?" Nan ta fashe. Gwaggo ta zauna kusa da ita tana bubbuga bayanta, tana tambayar wa ya mutu.

Watan Mayu ya shigo da zafin da tsuntsu ke faɗowa daga itace. Safi ba ta kashe firigon ba. Kullum da yamma ta datse lagwani, ta fito da ƙanƙarar da ba mai sha ta zuba gindin ɗan lemon da ke bayan ɗaki, ta sake cika tire da ruwa. Turmin ta kife shi. Wani lokaci takan kama kanta tana yi wa firigo magana, sai ta yi shiru ta duba ko wani ya ji. Ba kowa.

Wata ranar Talata da azahar anka yi sallama. Muryar mace, a shaƙe.

Inna Kadidiya ce tsaye tsakar gida, ita kaɗai, ƙura har gira, farin kwanon nan a hannunta. Ta ajiye shi ƙasa. Ba komi ciki.

"Ga kwanonki. Ina shi?"

"Sannu da zuwa, Inna..."

"Ban zo gaisuwa ba. Ina shi wancan?" Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa. "Wata guda ban sa shi ido ba. An ce nan kinka ɓoye shi."

"Ga ɗakuna nan biyu. Ki duba."

Tsohuwar ta duba kuwa. Ta ɗaga labule, ta leƙa bayan gado. Da ta zo kan firigo ta ja baya, ta yi a'uziyya. Ta fito tana haki, ta zame ta zauna bakin rumfa.

"Kumasi ya tahi," Safi ta ce. "Ni ma a bakin direba na jiya. Bai yi min sallama ba."

"Kumasi..."

"Awo."

"Ga shuka ta matso. Ubansa ya mutu. Wa za ya yi min gona?" Ta dubi ƙasa. "Ko sallama."

Safi na kallon leɓen tsohuwar, sun tsage har da jini.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Akwai mangwaron da ta yanka ta sa firigo tun shekaranjiya don kada ya ruɓe. Ta jawo turmi ta ajiye shi gaban Inna Kadidiya, tsakiyar fili. Ta kawo komi ta jera.

"Mi za ki yi?"

"Ki duba da idonki. Wanga lemun tsami ne, kin san shi. Wanga sukari ne irin na shayi. Wanga mangwaro. Wagga kuwa ruwan rijiyar unguwarmu ne ya daskare. Taɓa."

"Ba ni taɓawa."

"To bari."

Ta matse, ta tsame 'ya'ya, ta daka. Tsohuwar na bin hannunta da ido ko ƙiftawa babu. Da ya haɗu ta kwasa cikin kwanon da anka dawo mata da shi, ta ɗebi ludayi guda ta sha a gabanta, ta miƙa sauran.

"Ni ba ni sha gabanki."

"Don mi, Inna? Kin ce ni ba surukarki ba ce, kuma ba ni zama. Ɗanki ya tahi. To ba kunya tsakaninmu. Ke baƙuwa ce ta shigo gidan Manzo da ƙishirwa, kuma ba a taɓa fita gidan ga da ƙishirwa ba. In kin sha ki zage ni ki tahi."

Inna Kadidiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Bakinki ya yi kaifi, ɗiyar mutane."

"Da ya yi kaifi ranar da na zo Barmu, da ba mu kai nan ba."

Tsohuwar ta karɓi kwanon. Sanyin ya sa ta kusa saki. Ta sunsuna. Ta yi bisimilla sau biyu, ta taɓa ludayin da harshe, ta yamutsa fuska, ta dafe goshi.

"Wayyo kaina!"

"A hankali. Kaɗan kaɗan ake sha."

Ta ƙara. Ta ƙara. Gumi na tsiyaya a wuyanta, idonta ya fara washewa. Can ta tsaya ta nuna turmin da baki. Ɗan abin da ya rage gindinsa rana ta taɓa shi, ya zama ruwa, dusar mangwaro na yawo sama.

"Wancan fa?"

"Shi ne dai. Haka yake komawa in an bar shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon turmin.

"Hadiza ta san haka yake yi?"

"Na riƙe hannunta na gaya mata. Ta ce ta sani."

"Hm." Ta juya ludayin cikin kwano. "Ni na rene ta. Ni zan yi magana da ita, ba ke ba. Kuma kada in ji kin kai zancen waje."

"To, Inna."

Saura rabin kwano. Inna Kadidiya ta ɗaga ludayi za ta kai baki, sai ta tsaya. Ta dubi Safi. Ta gyara zama a hankali, ta juya mata baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kanta da kwanon gaba ɗaya.

"Ke kuma ki ba ni wuri mana," muryarta ta fito daga cikin mayafi. "Kin tsaya kaina kina ƙirga min loma. Ba ki da kunya ne?"

Safi ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta gane. Ta rufe bakinta da hannu biyu, ta ruga ɗaki, ta faɗa kan gado tana kuka tana dariya.

Washegari da safe sunka tafi gidan waya tare, tsohuwa gaba, Safi baya da tazara. Alƙasum mai rubuta wa mutane wasiƙa yana zaune bakin ƙofa da ɗan teburinsa.

"Zuwa ga wa, Inna?"

"Shi wancan."

"Wancan wa? Kumasi akwai mutum da yawa."

Tsohuwar ta waiwaya. "Ke, gaya masa."

"Attahiru na Barmu," Safi ta ce, kanta ƙasa. "A bi ta hannun mai masaukin Adarawa a zango."

"Mi za a ce masa?"

"Ka ce uwarsa ta ce ya dawo. Ka ce na sha, na ji, na janye maganata. Ka ce shi sakarai ne."

"In rubuta har sakaran?"

"Da manyan baƙi!"

Alƙasum ya dubi Safi. "Ke ba ki da saƙo?"

"Babu."

Daga nan sai jira. Mangwaro ya ƙare a tasha. Ruwan farko ya sauka, dangi sunka taru sunka shuka wa Inna gonarta. Anka yi noman farko. Safi ta bar zuwa tasha, don direban ya fara girgiza mata kai tun daga nesa. Wata rana takan ce wasiƙar ta ɓace, wata rana ta ce ya samu ya ƙi.

Kwana hamsin da uku bayan wasiƙar, da hantsi, tana shanya wanki, ta ji sallama.

Ta san muryar. Ta gama shanya zanen da ke hannunta, ta matse na biyu ta shanya, sannan ta fita zaure.

Ya rame, ya yi baƙi, kafaɗarsa duk kanta ta dako. Takardar na hannunsa ta yi laushi don ninkewa.

"Safi."

"Wa kake nema?"

"Safina... sau shida na sa anka karanta min ita. Na ji na Inna. Ban ji naki ba."

"Ban aika ba."

"Don mi?"

"Wanda ya fita gidana ba sallama, ni zan bi shi da takarda?"

"Ke kinka ce in tahi."

"Barmu na ce! Na ce maka Kumasi?"

Ya yi dariya, idonsa ya cika da ruwa. Ita ba ta yi ba.

"Na yi laihi," ya ce. "Ranar nan ni ya kamata in shiga in yi magana. Na yi ta tuna shi ƙarƙashin kowane buhu da na ɗauka."

Ta kawar da kai, ta goge ido da bakin zane.

"Ka je gida?"

"Daga mota nan na yo."

"Ka ga sakarcin da ta ce. Tahi ka gaida uwarka. Kuma ranar Lahadi ba ni son ganinka kai kaɗai. Ka zo da manya ko kada ka zo."

"Da manya, masoyiyata. Ko Barmu duka kike so."

"Tahi mana, kada kamyo ya bar ka!"

Ta tsaya zaure har ya sha kwana. Sannan ta koma ciki da gudu, ta durƙusa kusa da Gwaggo, ta sa baki cikin kunnenta.

"Gwaggo, ya dawo! Lahadi za su zo neman aure!"

"Wa ya yi ƙaura?"

"Aure, Gwaggo! Aurena! Lahadi!"

"Na wa?"

Safi ta ja numfashi ta kwarara da duk ƙarfinta.

"Nawa! Ni Safi za a aura!"

Bayan katanga tabaryar maƙwabciya ta tsaya. Sai guɗa ta tashi daga gidan, wata ta karɓa daga na gaba, sannan anka fara sallama a zaure, mata na shigowa biyu biyu suna neman wurin zama.